Batirin da Aka Cire Mini a Gonar Gero

Wan mijina ya cire mini batiri a gona, tsuntsu ya cinye mini gefen gero guda, kuma har yau bai buɗe baki ya ba ni haƙuri ba. Ba neman ku ba ni gaskiya nake yi ba, gaskiyata tana hannuna tun a lokacin. Wasu daga cikinku ne suka ga hoton akwatin nan mai wayoyi da na sa kwanan baya, suka dame ni da tambaya, wai me ya sa aka yi masa kwaɗo kamar an zuba zinariya a ciki. To ku gyara zama.

Shekarun baya ne, daminar farko bayan na fita takabar maigidana. Shi gyaran rediyo yake yi a kasuwar Magariya, Allah ya jiƙansa. Na daɗe ina riƙe masa allon rediyo yana ɗiga dalma, ina fifita masa gawayi idan ƙarfen ya huce. Hannuna ya san aikin, idona ne bai san baƙi ba. Sai da na aurar da ƴata ta fari sannan na shiga makarantar yaƙi da jahilci, ina zama kan tabarma da sa'o'in ƴaƴana, madam, malamar ajin, tana riƙe mini hannu ina zana sawun kaji a takarda. Ranar da na fara karanta lambar da ke jikin ɗan baƙin abin nan da na tsufa ina miƙa masa, faɗa na yi masa. Na ce ashe abin yana da suna, kai kuma kullum "miƙo mai ƙafa takwas", sai ka ce gizo-gizo muke kiwo.

Ya bar mana gona a wani ƙauye cikin karkarar Kwaya, inda danginsa suke. Ni ma ƴar can ce, mahaifiyata tana can. Tun ana zaman makoki wansa ya fara zancen cewa gonar ta fi ƙarfin mace, a ba shi ya noma ya riƙa auno wa marayu. Na san irin wannan awon. Shekarar farko a kawo maka dami, ta biyu a kawo maka labari. Na ce ni zan noma. Dattawa suka ce a bar ni in gwada: idan gona ta ba da abinci shi ke nan, idan ta lalace a hannuna a sake zama. Wato geron daminar nan shi ne shaidata, ba ni da wata.

Sai ga jarrabawa. Shukar farko ta tsiro, ruwa ya ɗauke, ta ƙone. Na sake shuka a makare. Duk manomi ya san abin da wannan ke nufi. Lokacin da maƙwabta za su yanke nasu su kai rumbu, nawa kaɗai zai rage a tsaye yana ido, duk tsuntsun janbakin da ke ƙasar nan gonata za ta zame masa gidan biki. Ba ni da masu wuni suna jan igiyar gwangwani da wurga majaujawa. Ƴata ta biyu ce kaɗai ta rage a gabana, ita kuwa tana Damagaram tana karatun lantarki a lise, babbar sakandare ke nan.

Da ta zo hutu muka zazzage kwalayen ubanta. Ita ta zana, ni na haɗa, don ta fi ni kai, na fi ta hannu. Ɗigon dalmarta sai ka ce kashin awaki. Abin da muka yi alluna ne ƙanana, kowane da aikinsa, a jere cikin akwatin katako, ana sada su da gajerun wayoyi. Na farko shi ne mai kuka: a ba shi wuta, ya yi ƙara. Na biyu ya ƙara wa kukan ƙarfi ya tura shi cikin amsa-kuwwa da muka ɗaure a kan sanda. Na uku kuwa ko ƙis ba ya yi. Aikinsa ya riƙa aika wa mai kukan wata ƴar wuta mai hawa da sauka. Idan ta hau, kukan ya yi tsini. Idan ta sauka, ya yi kauri. Akwai sunan da suke kiransa da shi a lakwal, makarantarsu ke nan, ni dai linzami nake ce masa. Muka ƙara masa wani ƙane mai fizgar linzamin ba zato ba tsammani, don kada kukan ya bi hanya ɗaya. Idan ka ji shi, yanzu shaho ne, an jima jariri, an jima kamar an taka wa kare wutsiya.

Duk hikimar tana wurin linzamin nan. Tsuntsu ba ƙara yake tsoro ba, abin da bai saba da shi ba yake tsoro. Mutum-mutumi ma ranar farko ake gudunsa, daga baya a kansa ake kashi.

Shi kuma linzamin ba ya aiki da batiri ɗaya. Sai biyu, a haɗa su baki da gindi, a ciro waya daga tsakaninsu. Wannan wayar ta tsakiya ita ce daidai. Batiri ɗaya yana ba da bolt goma sha biyu sama da ita, ɗayan goma sha biyu ƙasa da ita. Ƴata ta yi ta bayani har kaina ya ɗauki zafi, na ce, "Ke, ki ce mini lilo ne kawai. Lilon da ba shi da wurin komawa baya ai ba ya zuwa gaba." Ta ce, "Inna, da ke ce mushen da ke koyar da mu da mun huta." Mai kukan da mai ƙara masa ƙarfi su daga batirin sama kaɗai suke sha. Na ƙasa linzami yake yi wa aiki.

Batiri ɗaya a kayan shago muka same shi, ɗayan daga moton marigayi muka ciro, babur ɗinsa da ya lalace yake jingine. Ga ɗan fano, faifan nan mai ɗibar wuta daga hasken rana, da safe a maƙala wa wannan, da yamma a maƙala wa wancan. Muka kafa, muka kunna. Garken farko da ya sauko ya tashi kamar an watsa masa ruwan zafi. Mutanen gari suka yi ta zuwa kallo, wasu suna cewa matar mai rediyo ta kama aljani ta sa a akwati. Ƴata ta koma makaranta, ni kuma har na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Gero yana tsakiyar yin ido aka aiko mini cewa ƴata ta fari tana gidan likita a Magariya, haihuwa ta zo da gardama. Wannan ba abin da za a ce sai gobe ba ne. Na nuna wa mahaifiyata komai: ja ga ja, baƙi ga baƙi, a kunna da asuba, a kashe da rana tsaka, a sake kunnawa da la'asar. Ta ce in tafi, ita ta raini ƴaƴa tara, akwati ba zai gagare ta ba. Allah ya sauki yarinyar lafiya, na zauna har aka yi suna. Jikina yana Magariya, amma ko tuwon suna na ɗiba sai in ga zangarniya a cikin kwanon.

Da na taso, daga inda mota ta ajiye ni na hau amalanken jaki. Mun kusa gari na ji shi. Ƙiiiii. Murya ɗaya, miƙaƙƙiya kamar zare, ba hawa ba sauka. Na kasa kunne ina jiran ta lanƙwasa. Ba ta lanƙwasa ba.

Na ce wa mai amalanken, "Malam, tun yaushe yake wannan kukan?"

Ya ce, "Wane kuka?" Ya ɗan saurara. "Au, injinki? Ai Inna, ya kwana biyu a haka. Mu har mun daina jinsa."

Idan mutum ya daina jinsa, ina ga tsuntsun da ke wuni a gindinsa? Ban jira jaki ba. Na dira na bar ƙullin kayana a amalanke, na yanki gonakin mutane da gudu, kututturen kara yana sukar ƙafata.

Abin da na fara gani har yau yana idona. Janbaki a jere a kan amsa-kuwwar kanta, tana ta ƙara, su suna gyaran gashi. Gefen gabas, wajen itatuwan da suke kwana, zangarniyoyi sun zama tsintsiya, ƙasa ta yi fari da ƙaiƙayi. Na kama ɗaya na murza, ko ƙwaya. Na kama ta kusa da ita, haka. Sauran gonar tana nan, amma ina kallo garke yana tashi daga inda ya gama yana sauka a gaba, kamar masu gayya.

Na buɗe akwatin. Batiri ɗaya. Wurin ɗayan sai shatinsa a katako. Wayar da ta rasa gida an murɗa ta an haɗa da ta tsakiya a gindin batirin da ya rage, har an naɗe da roba tsaf. Wanda ya yi aikin bai yi shi da mugunta ba, da kulawa ya yi shi. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Mahaifiyata ta iso tana dogara sanda.

"Iya, ina batirin?"

"Sannu da hanya dai tukuna. Yaya mai jegon?"

"Lafiya lau take. Iya, batirin."

"Baffan yara ne ya zo. Ya ce na motonsa ya mutu, ga biyu nan a ajiye, ɗaya yana aiki ɗaya yana zaune."

"Kika bar shi ya ɗauka?"

"In hana shi da wane bakin? Surukina ne fa. Kuma a gabana ya haɗa ya kunna, abin ya yi kuka. Har ya ce yanzu ma ya fi daɗin ji, ya daina haukan nan."

Ku da kuka tashi a birni, kada ku yi saurin cewa sata. A wurinmu ba a ajiye abu biyu alhali ɗan'uwa ba shi da ko ɗaya. Mai guga biyu ya san ɗayan ba nasa ba ne, na duk wanda igiyarsa ta tsinke ne. Mai jaki biyu haka. Ba a ma cika tambaya ba, a ɗauka ne a gaya wa wanda aka tarar. Shi da ya buɗe akwatin nan, guga biyu ya gani.

Na ce to ina yake? Ta ce ya bi dillalan shanu da moton zuwa kasuwa a tsallaken iyaka, babu wanda ya san ranar dawowarsa. Na je wurin mai cajin salula na garin, shi kaɗai ke da babban batiri a ajiye. Ya ce, "Inna, in ba ki in ci me?" Ban ga laifinsa ba. In koma Magariya neman wani kuwa, kafin in dawo tsuntsu ya ci na yamma ya ci na safe. Rana ta riga ta karkata, kuma da la'asar ne babban garken ke saukowa.

Akwai wani tudu bayan gari, nan kaɗai ake samun rezo, inda salula ke kamawa. Na hau na ɗaga salula sama kamar mai roƙon ruwa. Na kira ƴata mai karatu, ba ta ɗauka ba. Na sake, na sake. Can ta ɗauka tana raɗa, wai suna cikin aji.

Na ce, "Fito. Baffanki ya cire na ƙasa."

"Na ƙasa? Inna lillahi. Linzamin ya tsaya ke nan."

"Na san ya tsaya, ba ta'aziyya na kira ki ki yi mini ba. Me zan yi?"

Ta ce, "Inna, saurara. Ɓangaren ƙasa ba ya shan wuta sosai, linzami kaɗai yake ciyarwa. Ba sai batirin moto ba. Ko pil ɗin cocila kika jera..."

Rezo ya ɗauke. Na juya gabas, na juya yamma, na hau kan suri, babu. Na tsuguna a wurin. Pil, ƙananan batiran nan da muke sa wa cocila da rediyo, kowane bolt ɗaya da rabi ne, wannan na sani. Na share ƙasa da tafin hannu na yi lissafi da yatsa kamar yadda madam ta koya mana. Na farko ya ba ni goma sha takwas, na ce a'a, ko garin duka aka girgiza ba za a samu ba. Na share na sake a natse. Takwas.

Nan na shiga gari gida-gida, ni da na iso ina zagin aro a zuciyata.

"Salamu alaikum, aro na zo. Pil."

Wata ta zare biyu daga cocilarta ta ce in dai kunama ta harbe ta a duhu, a gidana za ta yi jinya. Wata ta ce nata sun mutu tun sallah, amma idan aka shanya su a rana suna farfaɗowa, na ce kawo. Wata tsohuwa ƙawar mahaifiyata ta rungume rediyonta ta ce, "Tun da malam ya rasu wannan ne mijina, shi za ki raba ni da shi?" Na ce, "Baba, ƴar takaba ce ta kwana biyu, ki yi haƙuri." Ta yi dariya har da tari, ta buɗe bayan rediyon da kanta. Saura biyu suka gagara. Ina tsaye a lungu ina tunanin inda zan nufa, sai ga facalata, matar wan mijin nawa, ta fito da tsintsiya. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta cusa mini abu a hannu ta ƙarƙashin mayafi. Pil biyu, sababbi, daga rediyon mijinta. Ta ce, "Ban gan ki ba, ba ki gan ni ba."

A gona na samu guntun tiyo na tsaga shi a tsaye, na jera su ciki baki da gindi, na ɗaure tam da robar tayar keke. Na ɗauko ma'aunin marigayi na gwada. Allurar ta tashi, ta yi tafiya, ta tsaya wajen goma. Ba ta kai ba. Na buga ma'aunin da yatsa kamar yadda yake yi, ba ta ƙara ko kaɗan ba.

Wannan ba shi ne babban tsoron ba. Babban tsoron shi ne ta ina zan haɗa. Idan na juya su baibai, abin da ke cikin linzamin zai ƙone nan take, kuma guda ɗaya ne tak muka samu a kwalayen, ba shi da na canji. Ƴata ta taɓa gaya mini haka tana nuna shi da yatsa. Ga tiyo a hannuna, ga wayoyi biyu, ga garke ya fara taruwa a kan itatuwa yana surutu. Mahaifiyata tana gefe tana ta salati, ta ce ko in bari sai gobe a kira yarinyar. Na ce gobe sai dai mu kira ta mu gaya mata yawan tsintsiyar da muka noma.

Na fara warware murɗin da wan mijina ya yi, na raba wayoyin. Na rufe ido na tuna yadda batiran biyu suke zaune a da: bakin na ƙasa yana haɗe da gindin na sama. To bakin tiyo ya tafi tsakiya, gindinsa ya tafi wayar da ta rasa gida. Na faɗa a fili har sau uku kamar mai hadda. Na haɗa. Na sunkuya na shinshina allon ko zan ji ƙauri. Na yi bisimilla na kunna.

Ƙiiiii. Murya ɗaya, kamar da.

Na ce shi ke nan, na kashe shi. Na zauna a ƙasa. Sai kukan ya ɗan karkata, kamar mai miƙa bayan barci. Ya yi ƙasa a hankali, ya yi kauri, ya tsaya can kamar ba zai dawo ba, sannan ya fizgo sama. Ba da ƙarfin da ba, lilon ya gajarta, amma yana lilo.

Tsuntsayen suka tashi, suka yi kewaye ɗaya, rabinsu suka dawo suka sauka. Sun riga sun raina shi. Mahaifiyata ta ce, "Ba murya kaɗai suka sani ba, sun san wurin. Ɗauke masa sandar." Muka tumɓuke ta, ni da tsohuwa, muka ja waya iya tsawonta muka kafa ta wajen itatuwan. Ana haka matan da suka ba ni pil suka iso, wai sun zo ganin abin da pil ɗinsu ke yi. Da suka ga halin da ake ciki babu wadda ta jira a roƙe ta. Wannan ta kama gwangwani, waccan ta cire mayafi tana kaɗawa, tsohuwa mai rediyo tana ihu tana zagin tsuntsaye har kakanninsu. Amsa-kuwwa ta yi wani irin kuka daga inda ba su zata ba, garken ya tashi gaba ɗaya kamar hadari, ya nufi fadama.

Matan suka yi ta guɗa. Ni ban yi ba. Gero yana bukatar sauran kwanaki kafin ya isa yanka, kuma kowace safiya idan na gwada tiyon, allurar ta ɗan ja baya. Kukan yana ta gajarta. Ga masu pil sun fara aike, cikin ladabi dai, amma aike ne. Mai cocila ta taka wani abu a duhu. Tsohuwa ta ce takabar ta isa haka. Kullum ina gona tun kafin tsuntsu ya farka, ina matsar da sanda, ina kallon allura, ina kallon hanya.

Ran nan da magariba na ji ƙarar moto. Bayan salla wan mijina ya shigo gaida mahaifiyata, ya zauna kan tabarma, aka kawo masa ruwa. Na durƙusa daga gefe na yi masa sannu da zuwa.

Ya ce, "Uwar yara, na biyo ta gonar. Gabas ɗin nan ai babu komai."

"Na gani, Yaya."

"Dama abin da nake gudu ke nan. Gona ba rediyo ba ce. Bayan girbi dai sai mu zauna da dattawa."

Na ce, "Yaya, batirin da ka ɗauka shi ya jawo."

Ya yi dariya, kuma wallahi dariyar mai gaskiya ce a ransa. "Wane batiri? Ai yana kuka na bar shi. Ga Iya nan, ta shaida. Har naɗe miki wayar na yi."

"Kuka ɗaya ka bar shi yana yi. Wanda ka cire shi ne mai juya kukan."

"Kuka ai kuka ne." Ya janye wandonsa ya nuna gwiwa. "Dubi nan. Dukan moto da ƙafa don ya tashi ya yi mini haka. Batirin ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, yana can yana yi wa tsuntsaye waƙa, ni ina nan ina karya ƙafa?"

Gwiwar kuwa ta kumbura da gaske, kamar ƙwarya. Na fasa maganar da na ɗauko. Na sake ɗauko wata wadda ta fi ta zafi, sai na ji farcen mahaifiyata a cinyata. Na haɗiye. Na ce to yaushe zai maido? Ya ce idan ya samu wani. "Idan na samu" a bakinsa, baɗi ke nan. Ya yi sallama ya tafi, na bar tuwona a rufe.

Yau duk wannan ya wuce. An yanke geron, bai cika rumbu ba amma ya kai inda dattawa ba su ga dalilin zama ba. Gonar tana hannuna, jikokina sun ci tumunta. Shi kuma wan mijin nawa ya tsufa, idan ya yi baƙi har gona yake kai su ya nuna musu akwatin, yana cewa "injin gidanmu". Ba na tanka masa. Ba zan ce muku na koyi haƙuri ba, ƙarya ne. Ba kuma zan zagi aro ba, don aron da ya kayar da ni shi ya tashe ni. Abin da ya rage mini shi ne tsoron duk abin da ke ta ƙara alhali cikinsa ya tsaya. Har yanzu idan firji ya kama murya ɗaya, ko sauro ya daɗe a kunnena, sai gabana ya faɗi in ji ƙaiƙayi a tafin ƙafata.

Amma ban gaya muku yadda batirin ya dawo ba.

Washegari ina idar da sallar asuba na ɗauki kile, wato sifana, daga kayan marigayi, na naɗa gammo, na nufi gidan wan mijina. Yana zaune a zaure kan buzu yana jan carbi, moton yana jingine a gefensa. Facalata tana shara a tsakar gida. Da ta hango abin da ke hannuna sai shara ta kai ta can bayan rumbu.

Na durƙusa har ƙasa. "Ina kwana, Yaya."

"Lafiya lau, uwar yara."

"Ina gajiyar hanya? Yaya gwiwar?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi."

Na tashi na je wurin moton, na kwance murfin gefe. Na cire baƙar waya, na cire ja.

"Ke! Me kike yi haka?"

"Batirin marayu zan mayar gona, Yaya."

Na ciro batirin, na mayar da murfin na ɗaure masa shi tsaf, na ɗora gammo na aza a kai.

"To ni da me zan tayar da moton?"

Na ce, "Idan za ka fita, ka aiko a kira ni. Kai ka hau, ni zan tura."

Na fita na kama hanyar gona da sauri, don tsuntsu ba ya jiran a gama gaisuwa.